Takardar da Na Cike a Gabanki

Mama,

Ya jiki, ya ƙanina Wendell sarkin rigima? Makaranta lafiya, Inna Lorna na kula da ni.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ranar da likita ya ba ni tambayoyin duba ko na gaji ciwonki, “a'a” na zaɓa duka, don kina gefena kina kallon birona. Gaskiya wani satin murna kamar in tashi sama, wani satin ko littafin soyayya ba na iya buɗewa.

Ba laifinki ba ne. Ki sake kai ni, amma ki jira a waje.

Wasiƙa uku na yaga. Wannan kam zan miƙa wa Inna ta kawo miki.

'Yarki,
Marnie