Abin da Na Faɗa wa Hikma a Bakin Shago

Zuwa ga Yaya Adizatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Wahab da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan Kumasi lafiya lau muke, matata Hajaratu kuma garau take, ko ciwon kai ba ta yi ba. Na ji kin kwana biyu kina kuka kan saƙon da ya zo miki da lambata, wai matata tana asibiti rai a hannun Allah. Ba ni na aiko ba, amma laifina ne. Kunya ta hana ni kiranki, shi ya sa na ba Bawah direba takarda.

Ina shago a Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame, wani ya kira ni da muryar dattijo, ya ce daga ƙungiyarmu ta masu sayar da kayan mota yake, za a yi taro ta waya, in karanta masa lambobi shida da za su shigo mini. Na karanta. Kafin la'asar WhatsApp ɗina ya fita hannuna, ana ta roƙon jama'a da sunana.

Akwai kuma abin da na ɓoye miki. Wata biyu kafin wannan, 'yata Hikma ta kawo mini takarda, an ɗauke ta a wata cibiya can Abuja wajenku, inda ake koya wa matasan Afirka ta Yamma aikin tsare waya da kwamfuta daga ɓarayin intanet. Ko karantawa ban yi ba. A bakin shago, a gaban abokaina, na ce ban sa ta makaranta don ta zama 'yar sakawa mai damfarar mutane ba. Suka kwashe da dariya. Ta naɗe takardarta ta tafi. Tun ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yaya, ita ɗin ce ta karɓi wayata ranar da aka damfare ni. Cikin kwana biyu ta ƙwato mini WhatsApp ɗin, ta sa masa makulli na biyu. Ashe mu goma sha ɗaya aka yi wa haka a ƙungiya. Shugabanmu Alhaji Boukari ya roƙe ta, ranar Asabar ta tsaya gaban dattawa, har da waɗanda suka yi mata dariya, tana bayani da Hausa da Twi. Ta ce ɓarawon yana wata ƙasa, mu muna nan, masu gadin kuma ba su da yawa, shi ya sa take son ta koyo aikin ta dawo ta buɗe ofis a Suame. Alhaji ya juyo ya ce lallai Masta Fatawu ya iya tarbiyya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Cibiyar ta riƙe mata gurbinta zuwa ƙarshen wata, wato Juma'ar nan. Roƙona shi ne ta zauna wurinki wata tara ɗin da za ta yi. Na aika uwarta ta gaya mata na yarda, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ji daga bakina. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinta, sau ukun caja na tambaya na dawo. Ki sa ni a addu'a, Allah ya buɗe mini baki kafin Juma'a.

Ki gaida Malam Wahab da yaranki, Nasiba da Yasin. Hajaratu da Azaratu ƙanwar Hikma suna gaishe ki ƙwarai.

Ƙaninki,
Abdul-Fatawu