Fankar Baba a Ɗakin Gwaji

Zuwa ga Ummana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san wayarki a gefen gadonsa take, shanyewar jiki kuwa ba ta taɓa masa kunne ba.

Fankokin da Yaya ya aiko sun iso, na kai su ɗakin gwaji. Dokar ƙasar nan ke nan, duk abin da ke da batir ko yake shan wuta ba ya shiga kasuwa sai an gwada shi an buga masa tambari. Mai kantin da ke son kayanmu ya ce in ba tambari, ba ciniki. To, ana buɗe kwalin a kan teburinsu sai ga Tsohuwa, fankar ɗakin Baba, a ciki! Tun daga ɗaurin wayar da Baba ya yi wa ragarta na gane ta. Yaya ya ce ke kika sa ta, wai gaban manya da mafi kyau ake zuwa, kuma tunda ita Baba ya fara haɗawa da hannunsa, albarkarta za ta ja sauran.

Haba Umma! Ai ba gasar kyau aka kira mu ba. Na tambayi matar da ta karɓa yaushe zan zo ɗauka, ta dube ni sheƙeƙe. Ta ce abin da ya shigo nan ba ya fita da rai. Jefo shi suke yi ƙasa, su sa shi a tanda, su matse batirin, su ɗura masa wuta fiye da ƙima, don su ga ko zai tashi gobara a ɗakin wani. Ke kuma kin ce wa Baba aron ta aka yi, za ta dawo. Yaya ya ce kullum sai Baba ya nuna gurbinta da hannunsa mai lafiya.

Zan koma in roƙe su. Kada ki faɗa masa komai tukuna.

'Yarki,
Auta

Ummana,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba, na koma kamar yadda na ce.

Ba su kore ni ba, har kujera matar ta ba ni. Ta ce ina da ikon janye Tsohuwa, amma an riga an ba ta lamba cikin waɗanda za a gwada. In na cire ta, adadin bai cika ba, sai a rufe maganarmu mu koma bayan layi. Kafin a sake zuwa kanmu zafi ya wuce, kuma wa ke sayen fanka da sanyi? Mai kanti ya ce shi ba zai jira ba, masu tambari na nan birjik.

Na kira Yaya, ya hau ni da faɗa, wai ƙarfe ne da waya, in tuna da mutanen da ya ɗauka aiki saboda wannan ciniki. Ke kuma kin aiko cewa duk abin da na gani daidai ne. Madalla da ku! Kowa ya zame an bar Auta, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ki yafe mini zafin bakina, na san da kyakkyawar niyya kika yi. Abin da ke cin raina shi ne, ranar da na samu aikin ƙasar nan Baba ya ce saura fankarsa ta biyo ni. Amma wanda ya faɗi haka yana da ƙafafunsa da shagonsa. Na yanzu ba shi da komai sai gado da ƙarar Tsohuwa, ita ma ga shi an ɗauke masa. Da bakinsa na nan, da shi zan tambaya in huta.

'Yarki,
Auta

Ummana abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Allah ya ba ki ladan jinya.

Ban janye ta ba. Na roƙa aka bar ni na tsaya ta bayan gilashi, don ban ga dalilin da za ta tafi ba kowa nata a wurin ba. Sun jefo ta, ragar ta fita, ta ci gaba da juyawa. Da aka kai batirin tanda ya kumbura, robar ta narke, amma bai kama da wuta ba. Matar ta ɗaga mini babban yatsa tana murmushi, ni kuwa hawaye kawai nake yi kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ko ɓaraguzan ba a ba ni ba.

Mun ci gwajin, Umma. Tambari ya fito, mai kanti har ya share mana wuri kusa da ƙofa. Wallahi ban ji daɗin komai ba.

Yaya ya ce zai ɗauko sabuwa ya kankare fentinta, ya ɗaure ragar da waya, a ajiye wa Baba. Don Allah ki hana shi. Jikin Baba ne ya kwanta, ba hankalinsa ba, kuma mutumin da ya haɗa abu da hannunsa ba a yi masa wannan wasa.

Ki faɗa masa gaskiya bayan ya karya kumallo. Ki ce fankarsa ta shiga kasuwar ƙasar nan, Tsohuwa kuma ba za ta dawo ba. Ki ce an ba ni zaɓi, ni na bar ta. Kada ki ambaci wanda ya sa ta a kwali. In zai yi fushi ya yi da ni da ke nesa, don ku ne ke ba shi abinci a baki, kada ya ƙi karɓa daga hannunku.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta