Baba Ya Koma Ruwa

Wara, Jihar Kebbi,
19 ga Yuli, 1992.

Zuwa ga Yayana Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Aminatu da yara. Yaya aiki, yaya kuma ruwan saman Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya tsare ku a wannan wuri mai nisa, ya ƙara rufa asiri, ya sa mu gana cikin alheri. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta kankama, gero ya wuce gwiwa, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta. 'Yata Indo, ɗiyarka, ta fara tafiya, ba ta barin kaji su huta. Maigidana Bilyaminu kuma yana can bakin ruwa kullum, yana fama da injunan jiragen mutane.

Yaya, na fara wannan takarda na yage ba sau ɗaya ba, don ban san ta inda zan kamo maganar ba. Zancen Baba ne. Kada hankalinka ya tashi, yana nan da ransa, yana ci yana sha, amma mu da ke kewaye da shi zama ya gagare mu. Ka san yadda ka bar shi. Tun da aka tare gulbi ruwa ya cinye gungunmu, tsibirin da gidanmu yake, aka maido mu tudu, bai ƙara shiga jirgi da zuciya ɗaya ba. Kai ka san shi a ruwa, ni kuwa a tudu aka haife ni, Baban da na sani shi ne mai zama a ƙofar gida yana ɗinke komar wasu, in an yi masa magana ya amsa da ka. To wannan Baban babu shi yanzu. Baba ya koma ruwa, kuma ba kamun kifi yake zuwa ba.

Abin ya faro ne bayan an ba mu jiha. Ma'aikata sun cika Birnin Kebbi, wasu daga Sakkwato, wasu daga wuraren da ban taɓa ji ba, kuma duk ranar hutu sai su cika mota su gangaro su ga tafkin da suke jin labari. Wasu kifi suke nema, wasu hoto, amma akwai samarin da ba abin da ke kawo su sai abin da zai kaɗa musu hanta. Mai jagorantarsu wani yaro ne Mark, ɗan mutanen kan dutse na nan ƙasarmu, wanda ya sami aiki a can. Shi ya zo yana cigiyar wanda zai kai su inda dorina take. Masunta suka ce su ba su da lokacin wasa da rai. Baba yana gefe yana ji, sai kawai ya aje koma ya ce su zo. Ya ari jirgin Baffa Mati, ya kai su, suka dawo suna ihu kamar waɗanda suka ci yaƙi. Daga ranar labari ya bazu. Yau a kai wasu ganin dorina, gobe a kai wasu tsakiyar tafki su yi tsalle su faɗa ruwa da igiya a ƙugu, jibi a sa su tseren jirgi da 'yan garinmu, su kife ana yi musu dariya. Baba ya soma aske gemu yana gyara shi, ya soma ba da labari, har waƙa na ji yana yi a bayan gida. Da farko mun yi murna, har Inna tana ce masa ango.

A hutun babbar Salla ne abin ya kusa zama kuka. Ya ɗauki Mark da abokansa biyu, suka tarar da dorina mai jego tana tare da ɗanta a bakin ciyawa. Baba da bakinsa ya gaya mana ya san inda ya kamata ya tsaya, amma yaran suna ta tafi suna kiran sunansa, sai ya ji kamar shekarunsa sun ragu, ya ƙara tura jirgin gaba. Uwar ta nutse. Kafin ya juya sai suka ji ta daga ƙasa, ta ɗaga gindin jirgin ta sake shi. Allah ya sa bai kife ba, amma Mark yana tsaye da kyamara a ido, sai ga shi cikin ruwa, kuma ko kaɗan bai iya iyo ba. Baba ya bi shi. Ka san yadda mai nutsewa yake, yaron ya shaƙe shi ya rirriƙe, har kafaɗar Baba ta goce. Da hannu ɗaya ya ja shi zuwa wani kututturen kirya, irin waɗanda ke fitowa in ruwa ya ja baya, suka rungume shi. Su kuwa biyun da ke cikin jirgi ba wanda ya san yadda ake riƙe filafili, sai juyawa suke a wuri ɗaya suna kururuwa, har wasu masunta suka jiyo su. Dorina kuwa ta ja ɗanta ta yi gaba, ba ta waiwayo ba. Da aka shigo da Baba gida hannu na reto, Inna ba ta yi kuka ba, zama ta yi a ƙasa kawai tana kallonsa.

Ranar kasuwar da ta biyo baya sai ga wata dattijuwa ta yi sallama da zakara a hamata. Ruth ce, uwar Mark, ta taho daga kan dutse a ƙafa. Ba ta ko sha ruwan da na kawo mata ba ta hau Baba da faɗa. Ta ce ita a kan dutse ta haifi ɗanta, ta raine shi inda ruwa bai kai idon sawu ba, ta sa shi makaranta don ya zauna a kan kujera, ba don wani mai furfura ya kai wa dorina shi ba. Da ta gaji sai ta durƙusa ta aje zakaran a gabansa, ta ce in ba don shi ba da yanzu zaman makoki take. Inna ta matso kusa da ita, suka taru a kansa su biyu kamar sun shekara da sanin juna. Baba yana zaune da ɗauri a kafaɗa yana sauraronsu. Sai da matar ta tashi tafiya ya ce ta gaishe da yaron, ta kuma gaya masa in ya sake zuwa ya riƙa zama a cikin jirgi. Yaya, da ka ga fuskar Inna.

Tun daga nan ba dabarar da ba mu yi ba. Inna ta ɓoye filafilinsa a cikin rumbu, ya zauna da hannu ɗaya ya sassaƙa wani. Ta je wurin sarkin ruwa, ya ce ta yi masa aikin gafara, me zai faɗa wa mutumin da ya koya masa tuƙi. Ta ce wa Baba sabo da kaza ba ya hana yanka ta, shi kuwa ya ce ai tudun ma ya gwada shi, yankan da ya yi masa a hankali ne kawai. Daga ƙarshe sai ta yanke shawarar da ta jawo wannan takarda. Ta ce duk sa'ad da zai fita in bi shi, don ba zai kai ɗiyarsa bakin dorina ba. Na bar Indo wurin Gwaggo Hansatu na bi shi, ranar kuma babu baƙi, mu biyu ne.

Da safe ne, an kwana ana ruwa, tafki ya yi luf. Ka san yanzu ne ruwa ya fi ja baya, kututture sun fito ko'ina kamar haƙoran tsoho. Muka yi ta tafiya har gari ya ɓace mini. Can a wani wuri da ni ban ga abin da ya raba shi da sauran ruwa ba, sai Baba ya daina tuƙi. Ya nuna ƙasa da filafili, ya ce nan ne gungunmu. Ya ce can masallaci, can wurin bandar kifi, nan daidai ƙarƙashinmu ɗakin Inna, bayansa kuma inda aka binne cibiyarka. Ina ta leƙe, ba abin da nake gani sai fuskata. Ban ankara ba ya tuɓe riga da hannu ɗaya, ya miƙo mini filafili ya ce in riƙe, sai na ji tsulum. Yaya, ban san tsawon lokacin da ya yi a ƙasa ba, ni dai na karanta duk abin da na iya, na kira sunansa har muryata ta dushe, na tuna ni ma ban iya tuƙi ba. Sai ga shi ya ɓullo a bayana yana tari yana dariya, da laka cike da hannu da wani guntun kasko a ciki. Ya ce wataƙila na tukunyar Inna ne, wataƙila kuma na wata ne, ruwa ya gama su gida ɗaya. Da muka dawo ya ba ta. Ta yi masa faɗan da maƙwabta suka ji, ta ce shi da kaskonsa su tafi can. Amma jiya da nake neman zane a kwallarta na gan shi a ƙasa, an wanke shi an naɗe a ƙyalle.

Akwai abin da ban gaya wa Inna ba, kai kaɗai zan gaya wa. A kan hanyar dawowa mun hango su, dorina, daga nesa. Kunnuwa kawai da hanci a saman ruwa, sai ɗaya ta buɗe baki ta yi wani gurnani da na ji shi a cikin haƙarƙarina. Baba ya karkata jirgi zai kauce saboda ni. Ni da aka aiko in tsare shi, ni ce na ji bakina yana cewa ya ɗan matsa kaɗan. Ya dube ni ya daɗe, ya yi murmushi, bai matsa ba. Tun ranar ba ni da sukuni. Ina daka hankalina yana bakin ruwa, in na ji motar baƙi sai in fito ƙofa ba dalili, tuwo ya ƙone mini har Bilyaminu yana tambaya ko ba ni da lafiya. Da ina yi wa yaran nan kallon waɗanda ƙoshi ya yi wa yawa, yanzu kuwa gani ya kori ji.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Abokan Mark sun aiko cewa za su dawo a ƙarshen watan Agusta, kuma sun ƙoshi da dorina. So suke a haura da su wajen Shanga, inda gulbi ke matsewa tsakanin duwatsu yana gudu, su gangaro a jirgi. Ka fi ni sanin yadda wurin yake in sabon ruwa ya iso. Baba ya amsa musu. Mutumin da har yau ba ya iya sa riga sai Inna ta kama masa hannu, ga tari da bai sake shi ba tun ranar Salla. Bilyaminu ya ce zai bi su a baya da jirgi mai inji, Baba ya ce zai duba, ka kuwa san ma'anar zai duba a bakinsa. Inna ta ce duk duniya maganarka kaɗai yake ji, ta ce in gaya maka ko kwana biyu ne ka nemi izini ka zo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni kuwa ban san abin da zan roƙe ka ba. In aka bar shi, ina tsoron ranar da za a dawo mana da jirgi babu shi, ko a dawo da shi babu ɗan wani. In aka hana shi, na san zai koma ƙofar gida ya ci gaba da amsa mana da ka, kuma yanzu da na ji dariyarsa ban san ko zan iya kallon wancan zaman ba. Ka zo dai, Yaya, kafin ruwa ya taso. Shawara ɗaya zan ba ka ko da yake ni ƙarama ce: in hana shi za ka yi, ka hana shi a tudu, ranar da ka sauka, tun ba ka aje jaka ba. Kada ka yarda ya sa ka a jirgi tukuna.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka ji tausayin furfurarta. Baffa Mati da Gwaggo Hansatu suna gaisuwa, haka Bilyaminu. Ka gaishe mini da Yaya Aminatu, ka ce busasshen kifin da ke tare da wannan takarda nata ne, ka shafa mini kan Habsatu da ƙannenta. Ka gaishe da Sallau ɗan garinmu in kuna haɗuwa, ka ce masa mahaifiyarsa tana lafiya. Baba ma yana gaishe ka. Na ɗauka bai san da takardar nan ba, sai ɗazu ya leƙo ya same ni ina rubutu. Bai tambaye ni abin da na rubuta ba. Cewa ya yi kawai in gaya maka, in za ka taho ka haɗo da tsofaffin tufafi, waɗanda ba za ka ji ciwon jiƙewarsu ba.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka mai zuba ido a hanya,
Lubabatu.