Turaren Hajiya da Ƙuri'ar da Aka Kaɗa da Sunana

Zuwa ga Manajan Shirye-shirye,
Gidan talabijin ɗinmu na nan Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Yallaɓai, ina fatan kana lafiya, da iyali, da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, har da maigadin bakin get, wanda zancensa zai zo nan gaba. Allah ya taya ku riƙo.

Sunana Alhaji Bukar Mai Walda. A Ƙofar Mazugal aka haife ni, a nan nake zaune, a gidan da kakana ya gina bayan ya zo daga Borno. Ban yi boko mai zurfi ba. Sakandare na gama, ita ma da ƙyar, na tafi koyon walda. Yau, alhamdu lillahi, ina da shagona a Ƙofar Dawanau, ba wanda ya ba ni jari sai Allah da gumina. In ka bi lungunan Goron Dutse ka ga ƙofar ƙarfe da ake buɗewa ba ta kuka, ka tambaya, aikina ne. Na faɗi wannan ne don ka san mai rubuto maka ba mutumin da ya rasa abin yi ba ne sai kallon talabijin. Na kuma rubuto a fili ne saboda na zo da ƙafata, ban samu shiga ba.

Kafin ƙorafi, godiya. Kun kyauta da kuka dawo mana da Tsakar Gidan Inna Kulu. Lokacin da ake yin wasan nan na farko ina saurayi. Abu na farko da na saya da kuɗin walda ba keke ba ne, ba agogo ba ne, talabijin ce marar kala, da tsohon batirin mota. Duk daren Juma'a bayan isha tsakar gidanmu cika take yi, yaran maƙwabta har kan katanga. A gaba kuwa mahaifiyata ce, Hajiya Yagana, a kan tabarmarta. Duk wanda ya yi sallama a cikin wasan, ita ke fara amsawa. Da aka daina wasan ta daɗe tana tambaya, har ta haƙura.

Ranar da kuka dawo da shi, na ga Inna Kulu ta tsufa, ta yi jikoki, amma tana nan tana ɓoye wa mijinta Malam Tanko nama. Shi kuma Malam Tanko mai gyaran rediyo, rediyon maƙwabcinsa da ya karɓa tun ina saurayi tana nan a kan benci bai gyara ba, yana cewa a dawo jibi. Wallahi na yi dariya har hulata ta faɗi. Wanda ya tuna da rediyon nan a cikinku, Allah ya yi masa albarka.

Sai dai yanzu idon Hajiya ya yi rauni. Da kunne take kallo. Don haka jikoki ke zagaye ta, nawa da na ƙannena, tana tambaya suna gaya mata: wa ya shigo, me ya ɗauka, a ina ta ɓoye shi yau. In an gaya mata sai ta yi dariya a makare, yaran su sake yin dariya saboda dariyarta. Ana shan shayi, ana cin gurasa. Yallaɓai, a duk mako wannan ne kaɗai lokacin da yaran nan ke ajiye waya su zauna jikin kakarsu ba tare da na ɗaga murya ba. Abin da nake tsoron rasawa ke nan. Ga ƙorafina.

Na farko, maganar ƙuri'a. Kun sanar cewa daren Juma'a wasa ɗaya zai ɗauka, ko Tsakar Gidan Inna Kulu, ko sabon wasan nan na 'yan sakandare, 'Yan Ajin Ƙarshe. Wanda ya faɗi a mayar da shi hantsin Talata. Kuka ce masu kallo su yanke hukunci ta hanyar rubuta ra'ayi a shafinku na intanet. To, Yallaɓai, su wa ke shafin nan? Yara ne. Tsofaffin lungunmu da ke kallon Inna Kulu, ba mai shafi a cikinsu. Wayar Hajiya 'yar ƙarama ce mai tocila, amsa kira kawai take yi da ita, shi ma sai an danna mata. Ranar da mai gabatarwa ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, nan take ta faɗi nata, dalla-dalla, da dalilai. Kada ka zaci ta ruɗe. Ta san akwatin ba ya ji. Shi ya sa da ta gama ta juyo ta ce, "Bukar, ka ji dai. Gobe ka kai musu."

Na biyu, maganar turare. A gidanmu in mutum ya dawo bayan doguwar tafiya, ba a gaishe shi da baki kawai, turaren wuta ake aika masa. Hajiya ta ce matar da ke fitowa a Inna Kulu ta yi shekaru tana sa ta dariya, ta ɓace, yanzu ta dawo, don haka ta cancanci barka da dawowa. Ta sa aka sayo mata kayan haɗi, ta zauna da kanta ta haɗa, tana sunsunawa tana cewa a ƙara wannan, a rage wancan. Ta daɗe rabonta da haɗa turare, ko a bikin jikarta ba ta yi ba. Aka zuba a kwalba, aka naɗe a sabon ƙyalle.

Na bar aiki, na sa babbar riga, na zo gidan talabijin ɗinku da kwalba a hannu da saƙo a baki. Maigadinku mutumin kirki ne, ba ni da ƙara a kansa. Ya gaishe ni, ya ba ni benci a inuwa. Amma ya ce doka ce daga sama, duk mai ra'ayi a kan wasannin nan ya je shafinku na intanet ya rubuta a kwament, wato wurin rubuta ra'ayi. Na ce masa, Malam, na ji, amma ta wace kafa ake zura turaren wuta a kwament? Ya yi dariya har ya ƙware, ni ma na taya shi. Ya shiga ciki ya tambaya, ya dawo ya ce ba ofishin da ke karɓar irin wannan. Haka na koma gida da kwalbata. Na gaya wa Hajiya gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi a ɗora shi a kan sif, kada yara su taɓa. Yana nan har yau, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshi.

Na uku, kuma wannan ya taɓa mutuncina kai tsaye. Ina da 'ya, Falmata, tana ajin ƙarshe a sakandare, ita ce shugabar masu son wasan 'yan makarantar nan a gidana. Wata rana ta ari wayata, wai za ta duba aikin makaranta. Ni kuwa duk abin da aka ce karatu ne ba na hanawa, don ni ban samu mai zurfi ba. Washegari bayan la'asar na isa majalisarmu, sai Malam Habu mai kayan gini ya miƙe tsaye ya ce a matsa wa babban masoyin Nabil ya zauna. Na ce wane Nabil? Aka miƙo mini waya. Ga sunana, ga hotona da na ɗauka ranar da na dawo daga Makka, a ƙasa an rubuta wai in aka cire 'Yan Ajin Ƙarshe daga daren Juma'a ba zan iya cin abinci ba, wai murmushin Nabil shi ke riƙe da rayuwata. Sannan jajayen zukata jere kamar an zubar da tumatir. Nabil ɗin nan, ashe, shi ne yaron da ke jan wasan.

Yallaɓai, ni da furfura a gemu. Har wani da na yi wa tagogi ya bugo mini waya yana tambaya ko na samu na ci wani abu. Malam Habu kuwa ya samu abin yi, ko tuwo aka kawo majalisa sai ya janye kwanon ya ce kada a takura mini. Na yi dariya, don abin ya ba da dariya. Amma ka duba maganar da kyau. In a gidana an yi haka, gidaje nawa aka yi a cikin birni? A ƙuri'un da kuke tarawa akwai alhazai da limamai da 'yan kasuwa da ba su san sun zaɓi kowa ba. Ni ɗin nan da na tako har bakin get ɗinku don Inna Kulu, a lissafinku ina cikin masu son a kore ta.

Na huɗu, don a yi adalci, ni ba maƙiyin wasan yaran ba ne. Bayan abin da ya faru na ce bari in ga wanda aka ce ba na cin abinci saboda shi. Na kalla, kuma ba laifi. Yaron nan ubansa na so ya zama likita, shi kuma hankalinsa na kan kwance janareta da ɗaurawa. Ba sai na gaya maka ɓangaren da nake ba. Abin da ya dame ni kawai, ana zuba musu abinci a tebur su ci loma biyu su tashi, ban san gidan wa ake haka ba. Amma ga magana: Falmata da ƙawayenta tun kafin ku sa wasan a talabijin sun kalle shi a waya, sun sake kalla, sun rabu gida biyu suna faɗa a kan ko Nabil ya kyauta ko bai kyauta ba. Ba sa bukatar daren Juma'a. Suna da shi a aljihu kullum. Hajiya kuwa daren nan kaɗai gare ta.

Na san haka ne domin makon da ya wuce kun gwada musanya su. Yara suka taru kamar kullum, aka shimfiɗa tabarma, Hajiya ta zauna. Da ta ji kiɗan farko ba wanda ta sani ba ne, ta tambaya ko Inna Kulu ba ta da lafiya ne. Aka yi mata bayani. Ta ce to, a kalli wannan ɗin. Ta zauna tana jiran wani ya yi sallama ta amsa, amma yaran wasan faɗowa ɗaki kawai suke yi. Jikokin kuwa tunda duk sun riga sun gani, kowa ya zaro wayarsa. Ta tambayi wa ya shigo, ba wanda ya ji ta. Can ta lalubi sandarta ta shige ɗaki.

Ranar Talata da hantsi na bar shago, na dawo gida, na tayar da janareta, muka zauna ni da ita. Yara duk suna makaranta. Na yi ƙoƙarin gaya mata abin da ke faruwa, amma ni ban iya ba kamar su. Malam Tanko ya yi abin dariya sosai ranar, ko murmushi ba ta yi ba. Wasan bai kai rabi ba ta ce in kashe inji kada a ɓata mai.

Da Falmata ta dawo ta ji labari wurin mahaifiyarta, ta same ni a soro, ta durƙusa, ta tambaye ni ko ana iya janye ƙuri'a. Ban yi mata faɗa ba. Na ce ban sani ba, amma zan tambayi manaja. Ita ce ma ta buga mini wannan wasiƙa a waya, ina tsaye a kanta wannan karon.

Don haka, Yallaɓai, ga roƙona. A cire ƙuri'ar da aka kaɗa da sunana, da zukatan da ke jikinta, a mayar da ita wajen Inna Kulu. Ta Falmata ma, da yardarta, a haɗa. A bar Tsakar Gidan Inna Kulu a daren Juma'a bayan isha. Wasan yaran a ba shi daren Asabar, na yi alkawari ni ma zan zauna, don ina so in ga ƙarshen maganar janaretan nan. In kuma dole sai an ji ra'ayin jama'a, a turo ma'aikaci ɗaya ya shigo lungu, ya yi sallama a gidaje, ya tambayi tsofaffi. Za a ba shi ruwa, za a ba shi amsa fiye da yadda yake so. Sannan a samo wanda zai karɓi turaren nan ya kai wa mai shi. Ni kuma get ɗinku, na lura yana kuka in an buɗe shi. Ranar da aka ce in zo, zan zo da kayan aiki in gyara shi, ba na son ko sisi.

A ƙarshe, tunda an hana ni isar da saƙon Hajiya da baki, ga shi a rubuce, yadda ta faɗa. Ta ce a gaida Inna Kulu. A ce mata Yagana ta Ƙofar Mazugal tana nan da ranta. A ce mata wancan karon da ta tafi, ita Yagana ta jira ta shekara da shekaru ba ta gaji ba, amma yanzu ba ta da wasu shekarun da za ta sake jira, don haka Inna Kulu ta zauna inda take. Kuma ta daina ɓoye naman a ƙarƙashin faifai, Malam Tanko ya gane wurin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin jikoki da kakanni. Allah ya raya maka zuri'a, ya sa in ka tsufa su zagaye ka suna gaya maka wa ya shigo. Ya kuma tsare wayarka daga hannun 'ya'yanka.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Bukar Mai Walda,
Ƙofar Mazugal, Kano.