Idon Aro

Litinin, 7 ga Oktoba

Wagga waya Khaula tas saya min, wai in riƙa danna jan wurin nan ina ba da labarin da, tana ajewa. To yau ba labarin da. Na yau za ni hwaɗi, tunda waya ba ta kai tsegumi maƙwabta.

An sallamo ta daga asibiti da hantsi. Jikata ta, ɗiyar Hayatu da ke Legas, hannuna tat tashi. Idon dama anka yi ma aiki, wai wani labule na can cikin idon yaɓ ɓalle, sunka maida shi. Na hagun ko, tun ƙyandar yarinta ba shi ganin komi sai haske. Likita yac ce ta kwanta rub da ciki, goshi bisa matashi, har ranar komawa. Ba karatu, ba waya, ba ɗaga kai sai da lalura. Yac ce, "Hajiya, in labulen nan yas sake ɓallewa, ba ni da alkawari." Ni yak kalla, ba ita ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Ta sha kunu. Kai na ƙasa. Alhamdu lillahi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ga ta nan, abin da nika gudu.

Sana'arta haɗa manhaja, abin nan da aka sa ma waya shina aiki. Ta yi ma ƙungiyar masu albasa guda, ta ganin hwarashi. Ta gama kahin a kwantar da ita. Yau sunka bugo, wai kasuwar da aka ɗora irin waɗannan abubuwa ta maido shi, sai an canza wata lamba cikin saitin aikin. Ranar Litinin za su tara mutane a nuna.

"Inna, ba wani abu ba na. In ɗaga kai, in gyara, in koma."

Nic ce sai dai ta bi ta kaina.

"To wa za shi yi? Atika abokiyar aikina na asibiti da ɗanta, kuma aikin cikin wagga kwamfuta kaɗai shike."

Nic ce ga ni. Tay yi dariya cikin matashi har gado na motsi. "Ke da ko tashar rediyo sai na kamo miki?"

Ni ban yi dariya ba. Na san ta. In ban zama idonta ba, ina shiga kewaye za ta ɓalle bandejin nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mun aza kwamfutar bisa kujera 'yar tsugunne, gehen gado. Hannunta ya san madannan ko ba ido, haka taka lalube tana bugawa. Da hwarko tak kunna wata baturiya ta ciki mai karanta abin da ke allon. Baturiya tay yi ta zuba awa ruwan Agusta, da munka kawo inda aka bukatarta sai tay yi tsit. Saura ni.

Tak koya min shahwa wurin nan mai santsi, wata 'yar kibiya na bin yatsana. Kibiyar ma sai ta ɓace min, in yi ta nema.

"Can sama ta hagu, akwai kalmomi jere. Ta hwarko harahinta awa sanda mai hannu biyu gehe guda. Ita za ki danna."

Nid diba. Babu.

"Inna, diba da kyau. Kullum nan suke."

Nic ce wasu 'yan layuka kaɗai nig gani, bisa juna, awa tsagar wanzami.

"Ba wani layi ga wurin nan."

Muryarta ta canza, sai nic ce bari in diba tukunya. Nit tsaya madahi, ko tukunyar ban taɓa ba. Don mai yiwuwa kalmomin suna nan, ni ta ba ni ganinsu.

Waya, ke kaɗai nika hwaɗa ma. Tun bara waccan wani hazo ya zauna min ga ido. Zare ba shi shiga allura, sai in ce ma Khaula hannuna ka rawa. Asibiti ko ba ni zuwa. Ina budurwa, can gidanmu na Ƙohwar Atiku, wani mai sakiya yaz zaka yi ma Yaya Rabi ido. Ni nir riƙe mata kai. Yas soka abinshi, tag ga haske kwana kaɗan, daga nan duhu har kabari. Ni nika jan sandarta zuwa biki.

Jumu'a, 11 ga Oktoba

Ba mu taɓa ba yau. Na iske gehen bandejin ya ɗan ɗago, tac ce zuhwa ta. In za ni alwala yanzu, da kwamfutar nika tahiya, in aje ta bisa turmi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Da sahe tak kira ni. "Inna, yi haƙuri. Na tuna, ranar da za a kwantar da ni abin ya sabunta kanshi. Wataƙila sun kwashe kalmomin sun ɓoye. Danna tsagar wanzamin naki."

Nid danna. Sai ga su sun hito jere, har da mai sandar. Wani sanyi nij ji har ƙahwahu. Ashe ba idona ba na. Ko dai ba shi kaɗai ba.

Sai dai kowace ƙohwa kab buɗe, wasu ƙohohi na ciki. Ni ba harahi nika karantawa ba, sura nika hwaɗi: ga mai ƙugiya, ga mai ciki guda, ga doguwa. Ita tana ƙirgawa da ka. Nig ga wani ɗan zobe mai haƙora, awa na cikin keken ɗinki, nic ce wanga ya yi kama da wurin gyara, nid danna ban tambaya ba. Nit taɓa wani abu, allon dut yay yi baƙi ƙirin. Nic ce inna lillahi, na ƙone shi.

"Rubutu na nan?"

"Shina nan, hwari."

"To riga kinka canza mai. Saiti biyu na, Inna. Mai haƙoran nan na gida duka na. Mu na ɗaki guda muka nema, na aikin albasa kaɗai. Hito."

Kahin azahar munka kai. Wani akwati da lamba ciki. Lamba kam na sani, ko don waya.

"Nawa ta?"

Nim matsa, nir runtse ido guda. Nic ce uku.

"Uku? Kin tabbata?"

Nic ce uku. Tas share, tas sa huɗu, don wai dole sabuwar ta ɗara tsohuwar. Munka bi sauran ƙohohin, tat tura.

Tuwo bai shiga ba. Lambar nan taka yi min yawo.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Masu kasuwar sun sake maido shi. Wayarta tak karanto saƙon da ƙarhi: lambar da munka sa ba ta kai ta da ba.

Ban ankara ba sai nig ga ta dahe katihwa, kai ya taso, hannu ya nuhi bandeji. Ban san ina da sauran ƙarhi haka ba. Nis sa tahin hannu ga ƙeyarta nim maida ta.

"Sake ni, Inna. Gobe na taron. Kallo guda."

"Kallo gudan shi na ba ki da."

Tana kuka, ina jin zahin kanta ga hannuna. Sai nij ji bakina na hwaɗin abin. Nic ce uku nig gani, amma ko takwas ta ban sani ba, ƙananan abubuwa dut cikin hazo suke gare ni, an daɗe.

Kan ya daina turo hannuna.

"Kuma haka kika tsallaka titin kasuwa ke kaɗai?"

Nic ce masu babur na da ido.

"Allah shi shirye ki, tsohuwa." Taj ja hanci. "Koma wurin mai haƙoran nan, inda kinka yi ɓarna jiya. Can aka ƙara ma rubutu girma."

Mun sha lalube kahin mu same shi. Tana danna madanni, ina cewa ƙara, ƙara. Da munka koma akwatin, tal latsa abin da ka maido na da. Ga lamba ƙatuwa awa babban yatsa, ciki biyu, dut a ruhe. Takwas. Tas sa tara. Sai da tas sa nih hwaɗi surar taran, kai sama, wutsiya ƙasa, kahin ta tura.

Hannuna bai bar ƙeyarta ba har anka kira la'asar.

Litinin, 14 ga Oktoba

Aikin ya shiga, kasuwar ta amsa. Shugaban masu albasa ya bugo shina ta godiya, wai za a aiko da buhu. Kai na ƙasa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An buɗe idon. Likita yad daɗe shina haskawa, ni ko carbi ya tsaya min ga hannu. Yac ce labule ya zauna, ganin zai riƙa washewa sannu. Tak kalle ni tana ƙihce-ƙihce, tac ce, "Inna, kallabinki a baibai shike." Tun sahe haka nika yawo, ba wanda yah hwaɗa min.

Da nas taj ja ta wurin ɗigon magani, nit tsaya neman takalmina. Sai nic ce ma likitan, wata maƙwabciyata ta ka hwama da hazo, ko ana yi ba da sakiya ba? Yac ce maƙwabciyar ta zauna nan bisa kujera. Yah haska. Yac ce yanar ido ta, ta nuna, aikin ba shi da wuya, Laraba ta sama akwai wuri.

Ban ce mai na yarda ba. Na dai tambaye shi ko ana karin kumallo kahin a zaka.