Na Ba Mijina Jibin da Aka Hana Shi

Salama alaikum, mai kula da wannan shafi da dukan masu karatu. Ina gaishe ku da aiki da iyali. Don Allah a ɓoye sunana da lambar salulata. Na san yawancinku Musulmi ne, ni kuwa Kirista ce, daga wani ƙauye tsakanin Tasawa da Urafan, inda gidajenmu na Kirista ba su da yawa, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, suna da biki da makoki duk tare muke yi. Na kawo maganata nan ne domin a wajenmu duk wanda zan gaya wa ya san muryata. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci. Kuma bari in faɗa tun yanzu, ban zo in yi kuka a kan abin da na aikata ba. Da za a maido ni ranar, zan sake yi.

Mijina ya rasu bayan girbin bara. Ya bar ni da 'ya'ya da tsohuwarsa, wadda muke kira Inna. Kafin in ci gaba sai na bayyana abu biyu don waɗanda ba su san hanyarmu ba. Muna da abin da muke kira Jibin Ubangiji, ɗan guntun burodi da ɗan kurɓin abin sha ja, da muke ci tare a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu dominmu. Ba mu da Fasto a ƙauye, daga Tasawa yake zuwa a kan moto wata-wata, ranar da ya zo ake yin jibi. Ni ce mai shirya shi shekara da shekaru. Ni ke sayo burodi in yayyanka, ni ke dafa zoɓo in tace, in zuba a ƙananan kofuna, in wanke su bayan an tashi. Abu na biyu shi ne horo. In mutum ya yi laifin da ya fito fili, dattawan ikilisiya sukan mai da shi bencin baya, kusa da ƙofa. Zai zo sujada, amma ba zai ci jibi ba, sai ranar da ya miƙe gaban jama'a ya faɗi laifinsa duka ya nemi gafara.

Ɗiyarmu, zan kira ta Rahila, ta yi zazzaɓi mai tsanani tana ƙarama, har tana sanƙarewa. Inna ta girma cikin al'adun gargajiya kafin ta bi Yesu, tsoro ya kama ta, ta riƙe ƙafar ɗanta tana kuka ya kai yarinyar wajen wani boka can wajen Tchaké. Ya kai ta. Aka ɗaura mata laya a ƙugu. Ba ta samu sauƙi ba sai da muka kai ta likita a Tasawa aka yi mata ƙarin ruwa. Da muka komo gida, shi da hannunsa ya tsinke layar ya jefa a murhu, ya durƙusa a ɗaki ya yi kuka gaban Allah, ina tsaye ina ji. Amma wani ya gan shi a hanyar Tchaké, magana ta kai kunnen dattawa.

Babban dattijonmu, wanda kowa ke kira Baba, ya ce da shi, "Ɗana, abu mai sauƙi ne. Ka tashi ranar Lahadi ka ce ka je, ka faɗi wanda ya nuna maka hanya, don mu san inda ɓarakar take. Shi ke nan."

Mijina ya ce, "Baba, na je. Wannan zan faɗa ko a kasuwar Urafan."

"Wa ya aike ka?"

Ya yi shiru. Ƙarya ba zai yi ba, sunan uwarsa kuma ba zai kira gaban jama'a ba. A kan wannan shirun aka mai da shi bencin baya, a kansa kuma ya zauna har ya bar duniya. Inna ta sani, ni na sani, ba wanda ya buɗe baki.

A nan ne kunyata take, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ban tsaya tare da shi ba a farko. Ni a lokacin ina ganin girma cikin bangaskiya kamar matsawa gaba ne a majami'a, daga wannan benci zuwa wancan, a ba ka aiki, a kira sunanka a zumuntar mata. Na kai gaba, ga mijina a bakin ƙofa kamar baƙo. Na yi ta damunsa. Na ce, "Ka faɗi sunanta mana, tsohuwa ce, wa zai yi mata wani abu? Ni kake so a dinga nunawa da baki?" Sai ya yi dariya ya ce, "Maman Rahila, ku can gaba zufa kuke sha. Mu na baya mu ke da iska." Har gaba na yi da shi a kan wannan dariyar. Ranar jibi kuwa, ni ke ɗauko faranti daga gida, in wuce ta gabansa a bakin ƙofa, ya janye ƙafarsa don in wuce, ni kuma ko kallonsa ba na yi. Wace irin mace ce ke yin haka?

Mutumin da na aura mai zafin rai ne, wanda kan iyakar gona sai ya ɗaga hauya. Na ɗauka horo zai sa ya yi fushi ya daina zuwa, kamar yadda wasu suka yi. Bai fasa ko Lahadi ɗaya ba sai da ciwo ya kwantar da shi. A hankali na ga wani mutum dabam a gidana. Maƙwabcinmu Musulmi da suka daɗe ba sa gaisawa saboda wata kunya guda ta gero, da kansa ya je ya ce, "Malam, ka riƙe ta, ba ta kai mu mutu ba mu gaisa ba." Addu'arsa ta gajarta, ta daina kama da ta mai wa'azi, ta koma kamar ta yaro mai magana da ubansa. Wata rana muna sussukar wake na tambaye shi, ba ya jin zafi in faranti ya wuce shi? Ya ce yana ji ƙwarai. Ya ce dā can yana karɓar burodin nan kamar haƙƙinsa ne, kamar mai karɓar ladan ƙwadago, sai da aka hana shi ya gane kyauta ce, kuma bai taɓa cancantarta ba ko a ranar da yake zaune gaba. To ku gaya mani, tsakanin ni mai ɗaukar faranti da shi mai janye ƙafa, wa ke girma?

Ciwon hanta ne ya kama shi. Muka je Maraɗi, aka duba shi, aka rubuta mana ordinas, wato takardar sayen magani, daga baya likita ya kira ni gefe ya ce mu koma gida mu kula da shi. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya. Na je wajen Baba na durƙusa na ce a sassauta, mutumin nan tafiya zai yi. Ba zan zalunci Baba ba, ya zo, har da damin gero ya sa aka kawo mana. Ya zauna bakin tabarma ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, ba sai gaban jama'a ba yanzu. Ni kaɗai ka gaya wa, in kai wa Fasto, ranar Lahadi a kawo maka jibi har nan." Inna na zaune a wajen kansa tana yi masa fifita. Na ga maficin ya tsaya a hannunta. Mijina ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Baba, na gode da gero." Baba ya fita yana share ido, ya ce mani a zaure, "Ɗiyata, abin da ikilisiya ta ɗaure, ni kaɗai ba ni da ikon kwancewa."

Al'adarmu ita ce in an gama jibi, dattawa su cinye burodin da ya rage, ni kuma in zubar da sauran zoɓon a gindin dogon yaro da ke bayan majami'a. Ran Lahadin da Fasto ya zo aka yi jibi, kafin in miƙa farantin ga dattawa, na ɗauki guntu ɗaya na ƙulle a bakin zanena. Zoɓon kuma ban zubar duka ba, na ɗura kaɗan a wata kwalbar siro, maganin yara na ruwa, da na wanke na zo da ita daga gida. Kun ga ke nan ba kuskure ba ne, da niyya na fito. Na iso gida da rana tsaka, Inna ta shiga maƙwabta, yara suna waje. Na rufe ƙofa na kwance zanen. Ya daɗe yana kallon burodin, sannan ya ce, "Yau kuma Fasto mai ɗankwali aka aiko mani?"

Na ce, "Ba wanda ya aiko ni."

"Kin san abin da za su yi maki?"

"Na sani. Za ka ci ko ba za ka ci ba?"

Ya ce in tada shi zaune. Ni ba Fasto ba ce, karatuna bai wuce firamare ba, kalmomin da ake faɗa ban riƙe su duka ba. Na faɗi abin da na tuna, inda na ɓata shi ya gyara mani. Na jiƙa burodin a zoɓo domin ba ya iya haɗiye busasshe. Ya ci, ya sha, ya rufe ido hawaye na bin kuncinsa, ya yi godiya ga Yesu da 'yar muryar da ta rage masa. Da ya buɗe ido sai ya ce, "Kin rage sukari." Muka yi dariya, mu biyu, a ɗakin nan mai warin magani. Kafin wata Lahadi ta zagayo ya cika.

Na san abin da za a ce. Mace ba ta ba da jibi. Wanda ke cikin horo ba ya ci. Na ɗauki abin da aka ba ni amana. Duk na yarda, kuma wata-wata ina ci gaba da yanka burodin nan kamar ban yi komai ba, wannan ɓoyon shi ke ci mani rai. Amma tun ina ajin baftisma, inda ake koya mana addini, aka koya mani cewa alherin Allah ba a sayensa, ba a yin aiki a same shi, ga marar cancanta ake ba da shi. In haka ne, yaya aka yi ya zama sai da sunan tsohuwa za a biya kuɗinsa? Mutumin da ya tuba gaban Allah, ya ƙone layar da hannunsa, ya ƙi kunyata uwarsa, shi ne zai tafi da yunwar teburin Ubangijinsa, ni kuma in zubar da rabonsa a gindin itace? A'a. A kan wannan ba zan ce na yi nadama ba, ko an tsayar da ni gaban kowa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Inna. Ranar jana'iza Fasto ya yi magana da hankali, ya ce hukunci na Allah ne, amma mata suna raɗa cewa ya tafi cikin horo, kuma ta ji. Tun daga nan ta kwashe kanta ta koma bencin baya ba wanda ya sa ta. In faranti ya zo sai ta naɗe hannu. A gida tuwo sai na zauna kanta kafin ta ci loma biyu, fura ma sai da lallashi. Ta rame har zanenta na zamewa. Ta ce mani, "Ni na rufe wa ɗana ƙofa, yana kwance ina riƙe da mafici na kasa buɗe baki. Da wane ido zan ci abin da ya mutu bai ci ba?" Ni kuwa ina zaune gabanta da maganar da za ta iya tada ta, na riƙe.

Me ya hana ni? Inna ba ta iya riƙe abin farin ciki. In na gaya mata, ranar Lahadi za ta miƙe lokacin shaida ta yi wa Allah godiya da ƙarfi, kowa ya ji. Za a karɓe faranti daga hannuna, a mai da ni baya. Wannan bai dame ni ba, wallahi, na ga irin mutumin da wurin nan ya fitar. Tsorona dabam ne. Ana koya mana cewa wanda ya ci jibi ba bisa cancanta ba, hukunci yake ci wa kansa, har ciwo da mutuwa. Akwai waɗanda za su lissafa su ce ya ci ran Lahadi, bai ga wata Lahadi ba. In dattawa suka zaunar da Inna suka ce mata abin da na ba shi ba jibi ba ne, ko kuwa hukunci na ɗura wa ɗanta, me zai rage mata? Yanzu tana kuka ne cewa ya tafi da yunwa. In aka ce mata ya tafi da la'ana, ta hannun matarsa, anya za ta kai damina? Ni na ga fuskarsa, na san abin da ya karɓa. Ita ba ta gani ba, kuma tsohuwa ce da ta saba jin maganar dattawa fiye da tawa.

Shekaranjiya ina tankaɗe a tsakar gida ta kira ni. Ta ce, "Ɗiyata, ke ce kusa da shi. Gaya mani gaskiya tsakaninki da Allah, ya tambayi jibi kafin ya cika?" Na ce mata tukunya na kan wuta, na tashi na shiga madafa, alhali ko wutar ban hura ba. Ta bi ni da ido. Na san za ta sake tambaya, kuma ba zan iya yi mata ƙarya da sunan Allah ba.

Musulmi da Kirista, duk wanda ya taɓa jinyar nasa har ya rufe masa ido, da ku nake. Kada ku ce in tuba da ciyar da mijina, ba zan ji ba. Ku gaya mani yadda zan yi da tsohuwar nan. In gaya mata in bar sauran ga Allah? In fara zuwa wajen Fasto in faɗa da bakina, in ji abin da zai ce mata kafin ta ji daga wani? Ko in yi shiru ina kallonta tana ƙarewa? Me zan yi?