Jarkokin da ke bakin madafa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum Inna. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma sai dai in karanta miki, kina cewa in rage sauri. Amma akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, har Baba, kuma ta yi mini nauyi. Hajiyar da kike yi wa aikatau ta aiko an kira ni. Tana so in karɓi aikinki.

Bari in fara ba ki labarin gida. Ciwon bayan Baba ya dawo, wani lokaci ba ya iya fita dako a tashar manyan motoci. Auta ya daina tambayar ina kike, sai dai ya zauna a bakin ƙofa idan la'asar ta yi. Akuyarki ta haifi biyu. Ni nake girki yanzu, kuma har yau tuwona da gudaji.

Na je gidan, Inna. Na ce wa Baba kasuwa za ni. Hajiya na ganina ta fashe da kuka, ta ce ƙafafuna irin naki ne. Ta kama hannuna ta kai ni madafa. An shafe bangon da fenti, babu alamar baƙin wuta. Ta nuna mini abin da ta saya: safar hannu ta roba, takalmin roba, sabon bokiti, da tsintsiya mai dogon mariƙi don kada in riƙa duƙawa. Ta ce duk nawa ne.

Na tsaya ina kallon safar nan, sai tafin hannunki ya faɗo mini. Kin tuna yadda ruwan wanke ban ɗaki ya tsattsage miki yatsu, har tuwo mai zafi ba kya iya taɓawa? Kina shafa man kaɗanya kina cewa hannun talaka ba ya tsufa da kyau. Me ya sa ba ki taɓa roƙon safa ba? Na san amsar. Kin ce wanda ya ba ka aiki ba ka kai masa ƙorafi. Ashe abin bai fi ƙarfin Hajiya ba. Ashe tambaya ce kawai ba a yi ba, ita kuma ba ta duba ba.

Ni ma ban taɓa ce miki sannu da bakina ba. Kina dawowa sai in karɓi ƙullin abincin in sunkuyar da kai. Ina ganin hannun, ina jin zafinsa a raina, amma kunya ta hana ni magana. Halinki na ɗauko.

Da za mu fito sai na ji warin. Suna nan, Inna. Jarkokin fetur na Alhaji, mijin Hajiya, waɗanda yaransa suke ɗaurawa a babur su bi ta daji su ƙetare iyaka. Suna nan a bakin madafa, wurin da mai ruwa yake sauke nasa. An dai lulluɓe su da tsohuwar tabarma. Rawaya ne duka, na ruwa da na mai, ba abin da ya raba su. Haka aka jera su ranar da mura ta toshe miki hanci, kika jawo ɗaya kika tuttula a bokiti don ki wanke ƙasa, gawayi na ci a bayanki.

Hajiya ta ga inda nake kallo, ta kawar da kai. Ta ce ta yi wa Alhaji magana, ya ce shagon waje ya cika, kuma abin da ya faru ƙaddara ce. Na yarda kwananki ne ya ƙare. Amma ƙaddara ce ta hana a kai jarkokin bayan gida? Ko igiya ja aka ɗaura wa na man, da ba ki gane ba? An sayi safa don hannuna, an bar abin da ya cinye ki gaba ɗaya.

Na karɓi kayan, na yi godiya, na dawo gida na ɓoye su a ƙarƙashin gadonki.

Da farko na ce kawai ba zan koma ba. Sai jiya Lantana maƙwabciyarmu ta leƙo aron turmi, da goyonta a baya. Ta tambaye ni cikin dabara ko an sami wadda za ta yi aikin gidan Alhaji, wai mijinta ya daɗe bai aiko daga Maraɗi ba. Idan na yi shiru na ƙi zuwa, ita za ta je. Da goyon za ta shiga madafar nan, Inna.

Don haka na yanke shawara, ni kaɗai. Gobe zan mayar wa Hajiya kayanta. Zan ce mata ina son aikin, Allah ya sani muna bukata, amma ba zan taka madafar ba sai an fitar da man daga cikin gidan. Idan muryata ta yi rawa, ta yi. Idan suka ƙi, kafin in shiga gida zan biya wurin Lantana in gaya mata abin da ke ƙarƙashin tabarmar.

Wataƙila ki ce na yi rashin kunya ga manya. Ki yafe mini wannan ɗin.

Allah ya sanyaya miki makwanci, ya sa zafin da kika sha ya zama na ƙarshe.

Ɗiyarki,
Barira